Saksnot na Saksonawa: gunkin yaƙi ne ko kakan ƙabila?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni ga masana tarihin cikinmu. Shekara shida ke nan ina zaune a yankin Essex, gabas da Landan, kuma tun zuwana nake ganin wata alama ko'ina: jan fili, da fararen wuƙaƙe uku a kwance, ɗaya bisa ɗaya, kowace da ƙota ruwan zinariya da 'yar tsaga a bayanta. Tana kan allon da ke yi maka maraba in ka shigo yankin, tana jikin ginin ɗakin karatu, har a ƙirjin 'yan wasan kurket tana nan. Shekaranjiya muna dawowa daga makaranta 'yata ta ce malamarsu ta gaya musu sunan wuƙar seaks, wai daga ita aka samo sunan Saksonawa, kuma Essex ɗin ma ma'anarsa Saksonawan gabas. Da dare na zauna na yi ta dubawa, sai na ci karo da wani abin bautarsu mai suna Saksnot, ana cewa shi ne gunkinsu na yaƙi. Amma duk inda na buɗe layi biyu ne ko uku. Na Girkawa da na Rumawa ana cika littafi guda a kan kowane ɗaya. Me ya sa wannan nasa labarin ya ƙare da wuri haka? Kuma da gaske na yaƙi ne?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Ba laifin bincikenka ba ne. Wuri biyu rak sunan nan ya fito a tsofaffin rubuce-rubuce, kuma duka biyun Kiristoci ne suka rubuta.

Na farko wata 'yar takarda ce ta rantsuwar baftisma, da tsohon harshen Saksonawan Jamus, ta wajen ƙarshen ƙarni na 8. Daga Mainz littafin da take ciki ya fito, ya koma Heidelberg, a 1623 lokacin Yaƙin Shekara Talatin aka kwashe littattafan Heidelberg aka kai Rum, yau yana ɗakin karatun Vatikan. Tsarinta tambaya da amsa ne. Limamin coci zai ce: ka rabu da Shaiɗan? Mutum ya ce: na rabu da Shaiɗan. Da duk hadayar da ake yi wa Shaiɗan? Ya ce: na rabu da ita. Da duk ayyukan Shaiɗan? To nan ne wurin da nake so ku lura. Tambayar ta tsaya a kan ayyuka kawai, amma amsar ta zarce: na rabu da duk ayyukan Shaiɗan da maganganunsa, da Tunar da Wodan da Saksnot, da duk miyagun iskokin da suke abokansu. Wato wani ya ga kalmar Shaiɗan ba ta isa ba. Mutum zai iya cewa ya rabu da Shaiɗan da zuciya ɗaya, gobe ya koma gindin bishiyar kakansa ya yi yanka, don shi a wurinsa wannan ba Shaiɗan ba ne. Sai aka ce a'a, kama sunansu ɗaya bayan ɗaya da bakinka a gaban jama'a.

Na biyu kuwa nan inda kake zaune ne. Salsalar sarakunan Essex, wadda aka kwafa a ƙarshen ƙarni na 9, tana hawa daga ɗa zuwa uba har ta tsaya a kan wani Seaxneat. Suna ɗaya ne, lafazin tsibiri ne kawai ya bambanta. Sauran gidajen sarautar Ingila na wancan zamani, Kent da Mercia da Wessex da na arewa, ta kan Wodan suke jawo asalinsu. Essex ce kaɗai ta ce ita jikar Saksnot ce.

Abu Sumayya:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja. Mene ne amfanin mu zauna muna tono sunayen gumakan da masu su ma sun watsar shekara dubu da ɗari biyu? Ina tsoron kada mu raya abin da Allah ya kashe.

Malam Mai Alli:
Tsoronka a wurinsa yake ɗana, kuma na ji daɗin da ka faɗa a fili. Amma buɗe Suratu Nuh aya ta 23, za ka ga Wadd da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru da sunayensu. Buɗe Suratun Najmi, ga Lata da Uzza da Manata. Hishamu ɗan Kalbi ya rubuta littafi sukutum a kan gumakan Larabawa, wace ƙabila ke bauta wa wane, a ina ɗakinsa yake, wa ya rushe shi, kuma ya rayu ne a daidai shekarun da ake sa Saksonawa wannan rantsuwa. Sanin yadda mutane suka yi bauta a da ba bauta ba ce. A nan tarihi muke karantawa.

Abu Sumayya:
Na gamsu Malam. Ina biye.

Kawu na Bremen:
Ni a ƙasar tasu ta asali nake zaune shekara goma sha tara, don haka ku ba ni dama in tsaya a ɓangaren masu cewa gunkin yaƙi ne. Kafin nan wani gyara: jihar da ake kira Sakson yau, mai Dresden da Leipzig, ba ita ce tsohuwar ƙasarsu ba, suna ne ya yi ƙaura da sarauta daga baya. Tsohuwar tana nan arewa maso yamma, tsakanin kogin Ems da Weser da Elbe, har Holstein.

Hujjata ta farko sunan kansa. Saks wuƙa ce, not kuma aboki. Abokin wuƙa. Ruwa ba ya tsami banza, ba a sa wa gunkin noma irin wannan suna.

Ta biyu, su waye mutanen? Rumawa sun san su a matsayin 'yan fashin teku, har suka jera ganuwoyi a gaɓar Ingila da Faransa suka kira wurin Gaɓar Saksonawa. Sidoniyus, wani bishop na ƙasar Faransa a ƙarni na 5, ya rubuta cewa in za su juya gida bayan hari sukan yi ƙuri'a a kan fursunoni, su kashe ɗaya cikin kowane goma a matsayin hadaya. Mutanen da rayuwarsu ke nan, wa za su ɗauka a matsayin nasu na kansu in ba mai makami ba?

Ta uku ita ce wadda manyan masanan Jamus suka riƙe tun Jacob Grimm a 1835. Tasitus Barume ya rubuta a shekara ta 98 cewa ƙabilun Jamus suna bauta wa uku, ya kira su da sunayen Rumawa: Makuri, Hakulis da Mas. Makuri shi ne Wodan, Hakulis shi ne Tunar mai tsawa, Mas gunkin yaƙi kuwa shi ne Tiu. Har yau sunayen ranakun Turanci na Talata da Laraba da Alhamis na Tiu da Wodan da Tunar ne. To ga rantsuwar da Malam ya kawo: Tunar, Wodan, sai wa? Kujerar Tiu ce Saksnot ya zauna a kai. Ke nan Saksnot laƙabin Tiu ne a bakin Saksonawa.

Ɗalibar Harsuna:
Kawu, da girmamawa, zan taɓa hujjojinka daga ta ƙarshe.

Lissafin kujera yana yanka ta kowane ɓangare. Adam na Bremen, mutumin garin da kake zaune, ya siffanta ɗakin bautar Uppsala na Suwidin a wajen 1075. Gumaka uku ne a ciki: Tor a tsakiya, Wodan a gefe, na ukun kuwa Firikko, wato Freyr, mai ba da zaman lafiya da haihuwa da jin daɗi. Kuma Adam ya faɗa ƙarara cewa Wodan ne mai yaƙi, shi ke ba mutum ƙarfin zuciya a gaban abokan gaba, shi ake yi wa yanka in yaƙi ya taso. In aka bi wannan jerin, kujera ta uku ta mai albarkar gona ce. Shi ya sa wasu masana suka ce Saksnot Freyr ne. Ka ga da ma'auni ɗaya an fitar da amsa biyu masu karo da juna.

Sai batun suna. Rabin na biyu ba gardama mai yawa, kalmar tana nan a Jamusancin yau, Genosse, abokin tafiya ko ɗan ƙungiya. Abin sha'awa ma, a cikin rantsuwar kanta, inda aka ce iskokin da suke abokansu, kalmar da aka rubuta ita ce genotas, saiwa ɗaya da wutsiyar sunan Saksnot, a jimla ɗaya. Amma rabin farko fa? Zai iya zama wuƙar, zai iya zama mutanen da aka sa wa sunan wuƙar. Abokin wuƙa ko abokin Saksonawa. In na biyun ne, sunan bai ce komai a kan yaƙi ba, cewa kawai ya yi wannan namu ne.

Labarin Sidoniyus kuma bai ambaci sunan wanda ake yi wa hadayar ba.

Kawu na Bremen:
'Yata, kin iya magana. Amma Widukind na Corvey fa? Shi Basaksone ne, ɗan gida, ya rubuta tarihin mutanensa wajen 967. Ya ce da kakanninsa suka ci Turingawa, wata ƙabilar Jamus, da yaƙi sun kafa wurin yanka na nasara a ƙofar gabas, kuma wanda suka girmama a wurin ya kira shi Mas. Shi ne kuma ya ba da labarin yadda suka zo taron sulhu da wuƙaƙe a ɓoye ƙarƙashin mayafi, suka far wa Turingawa, ya ce daga nan sunan ya samo asali.

Ɗalibar Harsuna:
Haka ne Kawu, sai dai sunan gida da Widukind ya haɗa da Mas ɗin Hirmin ne, ba Saksnot ba. Kuma a jimla ɗaya ya cusa Mas da Hakulis da Rana, har ya ce Hamis, wani gunkin Girkawa daban, shi ne Mas a Girkanci, wanda kuskure ne. Malamin zuhudu ne da aka haifa fiye da shekara ɗari bayan an gama musu baftisma, abin da ya sani na addinin kakanninsa guntaye ne. Labarin wuƙa a ɓoye kuma akwai irinsa sak a Birtaniya, inda aka ce Hengist, jagoran waɗanda suka haye teku zuwa tsibirin, ya kira sarakunan Birtaniyawa sulhu, ya yi wa mutanensa kira su zaro saks ɗinsu. Labari ɗaya a ƙasa biyu ya fi kama da tatsuniyar da ake bayyana suna da ita.

Ɗan Maƙera:
Ku yi haƙuri in shigo ta ɓangaren da na sani. A maƙera na tashi, kuma tun da aka fara maganar nan wuƙar nake son gani. Yaya take? Don mu a wurinmu siffar ƙarfe ita ke gaya maka aikinsa. Takobi baki biyu gare shi, ba ya da wani aiki sai mutum. Wuƙa mai baki ɗaya da kauri a gadon baya kuwa ta kowa ce, mahauci da mafarauci da mai gona, ka dafa bayanta da hannu ka danna.

Baban Hanifa:
Yaya, na taɓa ganin ɗaya a babban gidan tarihi na Landan, lokacin ban san alaƙarta da tutarmu ba. An tsamo ta daga kogin Thames a Battersea a 1857. Tsawonta ya ɗan haura santimita 70, baki ɗaya ne da ita, miƙaƙƙiya, bayanta ya taho sambal sai ya karye ya gangaro zuwa tsini. An yi mata ado da zaren azurfa da tagulla da jan ƙarfe da aka dasa a cikin ƙarfen, an jera haruffan tsohon rubutunsu guda 28 daga farko har ƙarshe, sannan sunan mutum, Beagnoth. Ba ta yi kama da na jikin tutar ba ko kaɗan. Na tutar a lanƙwashe suke kamar takubban Turkawa.

Malam Mai Alli:
Na tutar zanen masu tsara tambarin sarauta ne na ƙarnoni da yawa daga baya, sun zana abin da suke zato. Ta gaskiyar ita ce wadda ka gani. Akwai ƙanana kamar tafin hannu, akwai dogaye da suka kusa takobi. A kwance ake rataya ta a gaban ɗamara cikin kube na fata, kuma an same ta a kaburbura masu yawa, ba na manya kaɗai ba.

Ɗan Maƙera:
To ai ka ji. Wannan wuƙar ɗa ce, wadda mutum ke fita da ita kullum, ya yanka nama da ita, ya feƙe itace, in rana ta ɓaci ya kare kansa. Mai ita yana nuna shi ba bawa ba ne. In haka ne abokin wuƙa bai zama dole ya zama sarkin yaƙi ba, zai iya zama na duk wanda ya isa ya rataya ta.

Ɗalibar Harsuna:
Yaya Ɗan Maƙera ka taimake ni. Har yau a Denmak da Norwe almakashi sunansa saks. Kalmar yanka ce tun asali. Sunan mutanen kuma ya yi nisa: mutanen Finlan suna kiran Jamus gaba ɗaya Saksa, mutanen Wales suna kiran Bature ɗan Ingila Sais.

Kawu na Bremen:
Ban sauka ba tukuna. Malam, karanto mana sunayen da ke ƙarƙashin Seaxneat a salsalar nan.

Malam Mai Alli:
Ka san inda za ka taɓa, Alhaji. Ɗansa Gesecg, jikansa Antsecg, sai Swaeppa, sai Sigefugl, sai Bedca, Offa, Aescwine, sai Sledd wanda daga kansa aka shiga tarihi tabbatacce a ƙarshen ƙarni na 6. Secg a waƙoƙinsu na da tana nufin takobi, tana kuma nufin jarumi. Sige nasara ce, Sigefugl tsuntsun nasara. Wannan maki ne a gare ka, gidan yana warin fagen fama.

Amma bari in faɗi inda ni na tsaya, don na daɗe ina juya abin. Ina ganin tambayar yaƙi ne ko ba yaƙi ba mu ne muka kawo ta daga littattafan makaranta na Girkawa, inda kowane gunki aka ba shi ofishinsa, wannan teku, wannan soyayya, wannan yaƙi. Ku dubi yadda Saksonawan Jamus suke zaune. Bede, malamin Ingila da ya kammala tarihinsa a 731, ya ce ba su da sarki. Hakimai ne da yawa, kowa da yankinsa. In yaƙi ya taso sai su yi ƙuri'a, wanda ta faɗa wa shi ne jagora, kowa ya bi shi, ana gama yaƙi ya koma daidai da sauran. Tarihin Lebuin mai wa'azi ya ƙara da cewa sau ɗaya a shekara sukan taru a Marklo a bakin Weser, kowane yanki ya aiko mutum goma sha biyu daga manya, goma sha biyu daga 'ya'ya masu 'yanci, goma sha biyu daga talakawan da ke ƙarƙashin wani, su fara da roƙon allolinsu, sannan su yanke shari'a su kuma shawarta yaƙi ko zaman lafiya. Mutanen da ba su da fada, me ya haɗa su suka zama al'umma ɗaya? Taron nan, da fita yaƙi tare, da suna. Wodan da Tunar na kowa ne, maƙwabtansu Farankawa sun san su kafin su tuba, mutanen arewa sun san su. Saksnot kuwa ba a same shi a bakin kowa ba sai Saksonawa, na Jamus da na tsibiri. Waɗanda suka haye teku a ƙarni na 5 da na 6 sun tafi da shi, har sarakunansu suka ce shi ya haife su, kuma kusan duk sarakunan Essex sunansu da harafin S yake farawa kamar nasa: Sledd, Saeberht, Sigeberht, Swithhelm, Sighere, Sebbi. A ganina shi ne tutar ƙabilar. In sun fita yaƙi da shi za su fita, wannan ba shakka. Amma wanda ya rubuta gunkin yaƙi ya sa aya ya faɗi abin da takardun biyu ba su faɗa ba.

Maman Bitrus:
Sannunku da ƙoƙari. Ni Kirista ce, kuma tun da Malam ya kawo rantsuwar nan jikina ya yi sanyi, don tambayoyin suna nan har gobe. Ranar da aka yi wa ɗana baftisma an tambaye mu ko mun ƙi Shaiɗan da dukan ayyukansa, muka amsa da bakinmu, da son ranmu. Abin da ke damuna shi ne su waɗannan ba da son ransu ba ne. Malam, gaya wa zaure dokar da ke bayan takardar.

Malam Mai Alli:
Gaskiya ne 'yar'uwa. Sharlaman sarkin Farankawa ya shiga ƙasarsu a 772, ya rushe Irminsul, wani ƙaton ginshiƙin itace da suke girmamawa kusa da Eresburg, suna cewa shi ke tallafe da komai. Daga nan yaƙi bai ƙare ba sai 804. Dokar da ya kafa musu a shekarun 780 ta ce wanda ya ɓuya don kada a yi masa baftisma, kisa. Wanda ya ƙone gawa irin ta al'adar da, kisa. Wanda ya ci nama a azumin kwana arba'in don raini, kisa. Wanda bai kai jaririnsa baftisma cikin shekara ba, in babba ne tarar sulai 120, ɗa 60, talaka 30. Yin alwashi a bakin marmaro ko gindin bishiya shi ma da tararsa. An hana su taron gargajiya sai da izinin wakilin sarki. Kuma kowa ya ba coci ushirin abin da ya samu.

Maman Bitrus:
To ina so a sani cewa tun a lokacin akwai wanda ya ce wannan ba daidai ba ne, kuma daga cikin fadar. Alkuin, babban malamin Sharlaman, ya rubuta wasiƙu a 796 yana cewa ushiri ne ya lalata bangaskiyar Saksonawa, ana iya tilasta wa mutum shiga ruwan baftisma amma ba a iya tilasta masa ya gaskata, kuma a aika masu wa'azi, ba masu ƙwace ba. A shekarar da ta biyo aka sassauta dokar. Ina riƙe da wannan domin ya nuna ba wai mutanen zamanin ba su san bambanci ba ne.

Kawu na Bremen:
Maman Bitrus, na je inda abin ya fi muni. Verden, rabin awa ne daga nan a jirgin ƙasa, inda kogin Aller ke shiga Weser. A 782 Saksonawa suka hallaka wata rundunar Farankawa a tsaunin Süntel, Sharlaman ya zo da fushi, littafin tarihin fadarsa ya ce an sare kan mutum 4,500 a rana ɗaya. Jagoransu Widukind, ba marubucin ba, wani ne daban, ya tsere wajen Denmak, sai a 785 ya miƙa wuya aka yi masa baftisma a Attigny, Sharlaman da kansa ya tsaya masa uban baftisma. Ku yi tunanin mutumin nan a tsaye, ana tambayarsa ko ya rabu da allolin da ya yi shekaru yana yaƙi a ƙarƙashinsu.

A bayan garin akwai wata hanya da ta zagaya cikin itatuwa, an jera manyan duwatsu hagu da dama, 4,500, gansakuka ta rufe su. Na ɗauka tsohon abu ne, ashe Himmler na 'yan Nazi ne ya sa aka kwaso su daga ƙauyuka a wajen 1935, don su ce Kiristanci baƙon addini ne da ya zubar da jinin Jamusawa na asali. Hoton Irminsul ma sun mai da shi tambarin wata cibiyarsu. Yau wurin yana hannun coci, matasa ke taro a ciki. Ina faɗar wannan ne don 'yan'uwa da ke Turai: in kun ga sunayen nan a jikin riga ko a shafukan intanet, ku duba wa ke riƙe da su. Akwai masu sha'awar tarihi tsakani da Allah, akwai kuma masu ƙin baƙi da suka fake da su. Kuma gaskiya, su ne suka fi kowa son a ce gunkin yaƙi ne. Wannan ya sa ni ma nake taka-tsantsan da matsayina, ko da yake har yanzu ina ganin Tiu ne.

Abu Sumayya:
Malam, wannan Sharlaman shi ne wanda Haruna Rashid ya aika wa giwa?

Malam Mai Alli:
Shi ne. Giwar sunanta Abul Abbas, ta isa Aachen a 802, saura shekara biyu a gama da Saksonawa. Kuma ka ji yadda duniya ke juyawa: a 919 Basaksone, Henri, ya zama sarkin Farankawan gabas, a 962 aka naɗa ɗansa Otto sarkin sarakuna a Rum.

Ɗalibar Harsuna:
Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, an ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to nan ba mu da baiti ko ɗaya daga bakin mai ita. Tiu da Kawu ke magana, labarinsa na sa hannu a bakin kyarkeci har ya rasa hannun, daga Aislan ya zo, an rubuta shi wajen 1220, shekara ɗari huɗu bayan rantsuwar, a wata ƙasa mai nisa. In muka ɗauko shi muka yafa wa Saksnot, rigar aro muka sa masa. Hatta salsalar Essex ba a bar ta yadda take ba, marubutan ƙarni na 12 sun ɗora Wodan a sama suka mai da Seaxneat ɗansa, don ta yi daidai da ta sauran gidaje.

Baban Hanifa:
Malam, su na nan Essex yaya suka rabu da shi? Su ma da takobi?

Malam Mai Alli:
A'a, nasu ta hanyar sarauta da auratayya ne, kuma sai da suka shiga suka fita har sau biyu. Saeberht ɗan Sledd, wanda uwarsa 'yar'uwar sarkin Kent ce, ya karɓi Kiristanci a 604, aka naɗa Melitus bishop na Landan. Da ya mutu wajen 616 'ya'yansa uku suka gaje shi, su kuwa ba su taɓa barin addinin da ba. Bede ya ce sun shiga coci suka ga bishop yana raba gurasar jibi, suka ce: me ya sa ba ka ba mu farar gurasar nan da kake ba babanmu Saba? Ya ce sai kun yarda an wanke ku a ruwan da aka wanke shi. Suka ce ba ma bukatar ruwan, gurasar muke so. Da ya ƙi, suka kore shi daga ƙasar. Sai wajen 654 wani mai wa'azi, Cedd, ya zo daga arewa ya sake farawa, cocin da ya gina a Bradwell da duwatsun tsohuwar ganuwar Rumawa yana nan tsaye a bakin teku, ka je ka gani. Da annoba ta faɗo a 664, sarki Sighere da mutanensa suka koma gyara tsofaffin ɗakunan bauta suna neman tsari, abokin sarautarsa Sebbi kuwa ya tsaya a kan sabon addini. Sai da aka aiko wani bishop, Jaruman, ya bi su gari gari.

Baban Hanifa:
Jama'a na dawo da rahoto. Jiya Asabar na ɗauki yara muka tafi Southend, gidan tarihin da aka ajiye kayan kabarin Prittlewell. A 2003 aka gano shi a gefen titi ana shirin faɗaɗa hanya. Ɗaki ne na katako a ƙarƙashin ƙasa, mita huɗu kowane gefe, wasu kayan an same su a rataye a bango inda aka bar su. Gawar ta narke, sai ɓurɓushin haƙora. An binne shi da takobi da garkuwa da masu, da abin kiɗa mai tsirkiya, da kofunan gilashi shuɗaye, da wata butar tagulla da ta taho tun daga gabashin Bahar Rum. Masu binciken sun sa shekarunsa tsakanin 575 da 605, kuma suna kyautata zaton ɗan gidan sarauta ne, wataƙila ƙanin Saeberht, wanda sunansa Seaxa. Kawu, ka ji sunan.

Abin da 'yata ta tsaya a kai ta ƙi matsawa wasu 'yan gicciye ne guda biyu na zinariya, sirara kamar ganye, ba su fi gaɓar yatsa ba. A wajen kansa aka same su, ana ganin a kan idanunsa aka ɗora. Ta ce Baba, to shi wannan Kirista ne ko na Saksnot? Na ce mata tulin ƙasa da kayan da aka tara masa irin binnewar kakanninsa ce, gicciyen kuma wani ne da ya san sabon addini ya sa masa kafin a rufe akwatin. Ta ce wa? Na ce masu binciken suna kallon ɓangaren uwarsa, mutanen Kent, inda matar sarki ta riga ta zo da limaminta daga Faransa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu Bradwell za mu. Yaya Ɗan Maƙera, in na shiga Landan zan ɗauko maka hoton wuƙar Battersea ta kusa, ka duba mana yadda aka dasa zaren azurfar.

Ɗan Maƙera:
Allah ya kai mu. Ka ɗauko ta gadon baya ma, daidai inda ya karye, da wajen da ƙota take shiga.